Iskar da ke cikin ruwan ambaliya da ƙarfin bugunsa a kan gini

Ruwan da ke sauka daga tudu bayan an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ko wanda ya fasa madatsa ya shigo gari, yana zuwa ne da farin goshi mai tafasa. Wannan fari iska ce da ruwan ya haɗiya a hanya. Masu ilimin gine-gine da na tafiyar ruwa sun fi shekara 80 suna bincike a kanta, domin ita ke sauya yanayin dukan farko da ruwa yake yi wa bango. Wani lokaci takan rage zafin dukan ƙwarai. Wani lokaci kuma takan tsawaita shi, ta baza shi a jikin bango, har ɓarnar ta fi wadda ruwa marar iska zai yi.

Ƙarfi uku da ruwa ke ɗora wa bango

Na farko nauyi ne kawai. Ruwan da ke kwance, mai zurfin mita 1, yana tura kowace mita ɗaya ta tsawon bango da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 500. In zurfin ya kai mita 2, turin ya zama tan 2, wato ya ninka sau huɗu. Na biyu shi ne jan ruwa mai gudu. Ruwan da ke tafiyar mita 2 a daƙiƙa ɗaya yana danna abin da ya tare shi da kimanin kilo 200 a kowace murabba'in mita. In gudun ya kai mita 4, dannawar ta zama kilo 800.

Na uku shi ne bugu, wato karon da goshin ruwa ke yi da bango a lokacin da suka fara haɗuwa. Ba ya daɗewa. Sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, amma a cikin wannan ƙiftawar ido matsin yana iya ninka na sauran biyun sau goma ko fiye. A kan nauyi da ja, iska ba ta da wani tasiri mai yawa: in ta ci kashi 5 cikin 100 na ruwan, nauyinsa ya ragu da kashi 5 ke nan, kuma laka da rairayi sukan mayar da abin da ya ragu har da riba. Ruwan da kashi 10 cikin 100 nasa rairayi ne yana auna kusan kilo 1,165 a kowace mita kubik, maimakon kilo 1,000. A kan bugu ne iska ke nuna halinta.

Yadda iska ke shiga

Hanya biyu ce, kuma masana sukan raba su domin aikinsu ya bambanta. Akwai ƙananan ƙwayoyin iska da suka gauraya da ruwa tun kafin ya iso, a inda ya faɗo daga gangare, ya yi tsalle a kan duwatsu, ko ya naɗe kansa kamar tabarma yana birgima a kan titi. Akwai kuma babban ƙunshin iska da ruwa ke rutsawa tsakaninsa da bango, in goshin ya lanƙwasa ya fara taɓa bangon ta sama kafin ƙasansa ya iso. Hakan na faruwa kuma a kusurwar gini, a bakin ƙofa rufaffiya, da ƙarƙashin baranda ko gada.

Yanayin ƙasar da ruwan ya biyo shi ma yana da hannu. Gwaje-gwaje sun nuna cewa ruwan da ya biyo busasshiyar ƙasa yakan zo da siririn goshi, ƙarfinsa na hawa a hankali. Wanda kuwa ya hau kan wani ruwan da ya riga ya kwanta yakan tashi tsaye, goshinsa cike da kumfa, ya doki bango gaba ɗaya har ya fantsama sama. Saboda haka unguwar da ruwa ya riga ya shiga har idon sawu, in madatsa ta fashe a samanta, zuwan na biyu ya fi na farko haɗari.

Dalilin da ya sa iska kaɗan ke yin babban aiki

Ruwa zalla ba ya matsuwa. Duk wanda ya cika sirinji da ruwa ya toshe bakinsa da yatsa ya danna, ya san abin ba ya motsi. In iska ce a ciki, sai ta lotsa, in an saki ta dawo. Wannan bambanci shi ne tushen maganar baki ɗaya.

Masana suna auna taurin abu mai gudana da saurin da sauti ke yi a cikinsa. A cikin ruwa sauti yana tafiyar kusan mita 1,480 a daƙiƙa, a cikin iska kuma kusan mita 340. Hankali zai ba mutum cewa in an haɗa su biyu, saurin zai tsaya a tsakani. Ba haka abin yake ba. Haɗin yakan ɗauki nauyin ruwa da laushin iska, sai saurin ya faɗi ƙasa da na kowannensu. Da iska kashi 1 cikin 100 kacal, saurin sauti yakan sauko zuwa mita 100 ko 120 a daƙiƙa. Da kashi 5, ya dawo wajen mita 50. In rabi da rabi ne, bai fi mita 20 da ɗoriya ba. Masanin Ingila A. B. Wood ne ya fitar da wannan lissafi a 1930.

Amfanin sanin saurin sauti shi ne, shi ke yanke iyakar matsin da ruwa zai iya yi in an tsayar da shi farat ɗaya. Nikolai Joukowsky ya tabbatar da haka a 1898, a gwajin da ya yi da bututun ruwan sha na birnin Mosko: iyakar matsin ita ce nauyin ruwa sau saurin sauti sau gudun ruwan. Wannan ne ƙarar da ake ji a bututu in an rufe famfo da sauri. A ɗauki ruwa mai gudun mita 3 a daƙiƙa. In babu iska ko kaɗan, iyakar ta kai kusan tan 450 a murabba'in mita. In akwai iska kashi 5 cikin 100, sai ta sauko zuwa tan 14 ko 15. Ragin ya kai ninki talatin.

Waɗannan alƙaluma iyaka ce ta lissafi, kuma ambaliya ba ta cika kaiwa gare ta ba, tunda ruwan da ya doki bango yana samun hanyar fantsama sama da gefe. Duk da haka sun nuna girman abin: iska tana yi wa bango aikin gammo. D. H. Peregrine da L. Thais sun nuna ta lissafi a 1996 cewa ko ƴar iska kaɗan tana rage ƙololuwar matsi sosai, kuma ragin yana ƙaruwa in bugun ya yi tsanani.

Gammo ba ya rage nauyin kaya

A nan ne da yawa ke yin kuskure. Mai ɗauke da tulu ta san gammo yana hana kai ciwo, amma wuya da baya suna ɗauke da ruwan nan duka. Mita kubik ɗaya ta ruwa tan guda ce, kuma in tana gudu, dole wani abu ya tsayar da ita. Iska ba ta ɗauke wannan aiki daga kan bango. Abin da take yi shi ne ta mayar da duka mai kaifi na ɗan lokaci ya zama turi mai ɗan tsawo.

Ga gini kuwa, tsawon lokacin yana da muhimmanci. Bango mai kauri yana da nauyinsa, kuma dukan da ya zo ya wuce cikin kashi ɗaya ko biyu cikin dubu na daƙiƙa ba ya samun damar motsa shi. Iyaka ya ɓantare yaɓe ko ya fasa gilashi. Dukan da ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ko da bai kai wancan zafi ba, yana ba bangon lokacin lanƙwasa, kuma bangon bulo ba ya jure lanƙwasa. Ƙari a kan haka, bugun da ba shi da iska yakan tattara a wuri ƙarami, mai iska kuwa yakan rufe fili mai faɗi a lokaci guda.

Mafi yawan abin da aka sani game da wannan daga bakin teku ya zo, inda igiyar ruwa ke dukan katangun tashoshin jiragen ruwa dare da rana. A ƙarshen shekarun 1930, injiniyoyin Faransa sun auna matsin da ya kai kusan tan 70 a murabba'in mita a tashar Dieppe. A 1939 Ralph Bagnold ya kwaikwayi abin a ɗakin gwaji a Landan. Bagnold sojan Ingila ne da ya yi shekaru yana ratsa saharar Masar da Libiya da mota, kuma an fi saninsa da littafinsa na 1941 kan yadda iska ke tafiyar da rairayi. Mutumin hamada ne ya buɗe wa mutanen teku ido. Ya gano cewa ƙunshin iskar da igiya ta rutsa yana matsuwa kamar iskar cikin famfon keke, kuma gwargwadon sirantar ƙunshin, gwargwadon tsananin matsin.

Daga baya wata tawaga ƙarƙashin G. N. Bullock ta auna bugun igiyoyi a katangar tsibirin Alderney, kusa da gaɓar Faransa, da kuma a babbar magudanar gwaji ta Hanover a Jamus, wadda tsawonta ya haura mita 300. Sakamakon da suka buga a 2007 ya nuna cewa yawan iska yakan rage ƙololuwar matsi, amma ba kullum ba, kuma jimillar ƙarfin da ke sauka a kan bango tana iya ƙaruwa saboda ya bazu kuma ya daɗe.

Akwai wani abu da gwaje-gwajen suka nuna wanda ido ba ya gani. Iskar da aka matsa takan dawo da ƙarfi, ta wuce girmanta na asali, ta sake matsuwa, tana yin haka sau da yawa kafin ta lafa. A lokacin da ta buɗe, matsin da ke jikin bango yakan faɗi ƙasa da na sararin waje, wato ruwan na tsotso bangon zuwa gare shi. Bango ke nan ana tura shi ana ja. In akwai tsaga, matsin yakan shige ta ya yi aiki daga ciki. Shi ya sa a katangun teku ake samun manyan duwatsu sun fita ta gefen da ruwan ya fito, maimakon su shige ciki. Tsagar da mai gida ke cewa zai liƙe bayan damina, ita ce ƙofar wannan matsi.

Ruwan gishiri da ruwan daɗi

Ba a ɗaukar alƙaluman teku a ɗora su kai tsaye a kan kogin Isa ko Gulbin Maraɗi. Gishiri yana hana ƙwayoyin iska haɗewa, saboda haka a teku sukan zama ƙanana su daɗe a cikin ruwa. A ruwan daɗi sukan haɗe su girma su taso sama da wuri. Ma'ana, gammon ruwan ambaliya ya fi kauri kusa da inda ruwan ya faɗo ko ya karye, kuma yana sirancewa in ruwan ya yi tafiya a shimfiɗe.

Ɗakin gwaji ma yana da tasa matsalar. Ana iya ƙanƙanta gini da igiya sau hamsin, amma ba a iya ƙanƙanta ƙwayar iska ko nauyin sararin samaniya. Ƙaramin samfuri yakan haɗiyi iska kaɗan, kuma iskar takan yi masa tauri fiye da kima, sai lissafin ya ba da matsin da ya zarce na gaskiya. Wannan ne dalilin gina manyan magudanan gwaji irin ta Hanover.

Ginin ƙasa da iskar da ke cikin tubali

A Nijar, gaskiyar magana ita ce yawancin gidajen da ke faɗuwa a damina ba bugu ke kayar da su ba. Jiƙa ce. A daminar 2024, wadda ta yi sanadin mutuwar kusan mutum 400 ta kuma shafi sama da miliyan ɗaya da rabi a faɗin ƙasar, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba bayan ruwan sama mai yawa, ba tare da wata igiya ta doke shi ba.

Sai dai ko a nan iska tana da hannu, ta wata fuska. Busasshen tubali cike yake da ƙananan ramuka, kuma iska ce a cikinsu. In aka jefa shi a bokitin ruwa, za a ji yana tsuwa, kumfa na fita, jim kaɗan ya ruguje. Abin da ke faruwa shi ne ruwa yana shiga ta ko'ina a lokaci guda, ya rutsa iskar a tsakiya ya matsa ta, har ta fasa ƙasar daga ciki tana neman mafita, ga kuma yumɓu yana kumbura. Masana ƙasar noma sun daɗe da sanin wannan. Tubalin da ya jiƙa a hankali yakan ba iskar hanya ta fita, wanda ruwa ya rufe farat ɗaya kuwa ya fi saurin wargajewa. Bangon da ya sha ranar bazara, ambaliya ta zo ta rufe gindinsa cikin minti kaɗan, yana fuskantar abu biyu a jere: turi daga waje, sannan ɓarkewa daga ciki. Da zarar gindi ya lalace, nauyin soro ne ke ƙarasa aikin.

Bugu kuwa yana da wurarensa. A farkon Satumba 2009 ruwan kwarin Telwa ya fasa shingen da ke kare Agadas ya afka wa unguwanni. A Satumba 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, alhali jan gargaɗi yana kan 620, shingen Lamorde ya karye, ruwa ya shiga unguwannin hannun dama na kogin. Kwarurrukan Adar a jihar Tawa sukan cika cikin ɗan lokaci bayan ruwan da aka yi a kan duwatsu. Maraɗi kuma gangara take daga tudu zuwa gulbi, titunanta na zama hanyar ruwa. Ambaliyar 1945 ce ma ta sa aka tayar da tsohon garin daga fadama aka mayar da shi kan tudu. A irin waɗannan wurare ruwa na zuwa da goshi, kuma gidan da ke ƙasan gangare, ko daidai inda titi ya yi kwana, ko a bakin kwalbati, shi ke karɓar dukan farko. Mafi munin misali a wannan yanki na Afirka shi ne Darna ta Libiya, inda madatsun ruwa biyu suka karye a Satumba 2023, ruwan ya share unguwanni har da benaye, dubban mutane suka mutu.

Ya kamata a ƙara da cewa iska ba ta yin gammo ga abin da ruwa ya ɗauko. Kututturen itace, ganga, mota ko kwanon rufi suna dukan bango da taurinsu, ko da kumfa ko babu.

Iskar da aka rutsa a ƙarƙashi

Akwai wani aikin iska da bai shafi duka ba. In ruwa ya taso a ƙarƙashin gada, iska takan maƙale tsakanin ginshiƙan da ke kwance ƙarƙashin dandamalinta, gadar ta zama kamar ƙwaryar da aka kife a kan ruwa. Kowace mita kubik ta iskar nan tana ɗaga kusan tan guda. A guguwar Katrina ta 2005 a Amurka, an samu sassan gadoji na kankare da suka tashi daga mazauninsu, kuma bincike ya lissafa wannan iska cikin dalilan. Daga nan aka ba da shawarar a riƙa barin ramukan fitar iska a jikin irin waɗannan gadoji.

A cikin gari abin yakan bayyana a rufaffun magudanan ruwa. In magudana ta cika da sauri, iskar da ke ciki ta rasa hanya, sai ta matsu ta cilla murfi sama tare da ruwa. Murfin da ya tashi yakan bar rami a ƙarƙashin ruwa mai laka, inda mai tafiya ba ya gani. Tankin ruwa ko na mai da aka binne, in babu kome a cikinsa, shi ma yana iya tasowa ya fasa daɓe. Sannan ruwa mai kumfa ba ya ɗaukar jiki kamar ruwa zalla, tunda ya fi shi sauƙi. A ƙasan madatsa ko bakin kwalbati, inda ruwa ke tafasa fari, gwanin iyo ma yana iya nutsewa.

Abin da magina ke ɗauka daga ciki

Injiniyoyi ba sa dogara da iska wajen lissafin ƙarfin gini, domin ba wanda zai iya cewa ga yawan da za ta zo da shi a ranar ambaliya. Igiya biyu masu kama ɗaya sukan ba da matsi mabambanci ƙwarai. Abin da ake yi shi ne a hana ruwa samun shimfiɗaɗɗen bango da zai doka gaba ɗaya, a kuma hana iska samun wurin maƙalewa. Gwajin da aka yi a makarantar fasaha ta Lausanne a Suwizilan, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa ginin da ke da ƙofofi da tagogin da ruwa zai ratsa yana karɓar turi kaɗan, kuma ragin yana bin girman buɗaɗɗen wurin. Kusurwar gini da ta fuskanci ruwa tana raba shi biyu, doguwar katanga da ta gitta hanyarsa kuwa tana tara shi har ta faɗi, ruwan da ta tara ya zama sabon goshi ga maƙwabcin da ke ƙasa.

A gidan gargajiya, rariyar da ke gindin katanga tana wannan aiki gwargwadon girmanta, muddin ba a bar shara da leda sun toshe ta ba. Dakalin da ke jikin bango yana karɓar dukan farko, yana kuma nisanta ruwa daga tubali. Harsashin dutse ko na siminti da ya ɗaga sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa a unguwar yana raba ƙasar gini da jiƙa ta farat ɗaya. Yaɓen siminti a kan bangon ƙasa kuma yana buƙatar lura: in ya saki jikin bango ya bar rata a bayansa, ruwa da iska sukan shige ratar, matsi ya ɓamɓare shi falle guda, damshin da ya maƙale a ciki ya ci gaba da cin tubali ba a gani. Ana gane irin wannan wuri ta hanyar ƙwanƙwasa yaɓen da ɗan dutse kafin damina. Inda ya yi ƙara kamar ganga, rata ce a ciki, kuma nan ake farfasawa a sake yaɓawa.